Muryar Mijina Kala Biyar

Talata, da safe

An sauke waƙoƙin mijina daga intanet. Duka, har da shafin nasa. In ka danna sai ka ga baƙin allo da rubutu, wai wani kamfani ya kai ƙorafi cewa haƙƙin mallakar waƙoƙin nasa ne. Sunan kamfanin haruffa ne da lambobi, ba wanda ya taɓa jin sa. Waƙoƙin da aka rera a ɗakin nan, a kan kujerar nan mai gurguwar ƙafa, labulen da ke bayansa ma ni na kalmashe bakinsa da hannuna. Wai nasu ne.

A guruf ɗin masoyansa na gani. Na farka na tarar wayata har ta yi ɗumi don saƙonni.

Na kai masa har teburin da yake gyare-gyarensa. Ya goge hannu a wando, ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙo min, ya ci gaba da kwance fankar maƙwabta. Dama me zai ce. Tun bara da aka yi masa aiki aka cire maƙogwaron, abin da ya rage masa ɗan allon rubutu ne da alƙalami, sai sukundireban da yake ƙwanƙwasa tebur da shi in yana nemana. Yau ko allon bai taɓa ba.

Na dafa shayi. Na sha nawa, nasa ya huce.

Talata, hutun rana

Ina shago, ɗakin baya inda muke ajiye kwalayen tabarau. Tun safe nake goge gilasai ina jerawa. Wata tsohuwa ta sa na yi ta lanƙwasa mata hannun tabarau, wai yana cizon kunnenta. Na lanƙwasa, na sake lanƙwasawa. Ko haushinta ban ji ba, ni da kowa ya san ba a taka ni sau biyu.

Sai yanzu nake tunani. Kwamfutar abokinsa da ya ɗauki bidiyoyin ta ƙone tun kafin rashin lafiyar. Tsohuwar wayata an zare ta daga jakata a layin asibiti. Mijina kuwa mutum ne da ya tsani saƙon murya, in na ce ya turo min sai ya ce, “In kina son jin muryata ki kira ni mana, ai ina raye.” To. Ke nan shafin nan ne kaɗai wurin da muryarsa take.

Amma dubban mutane ne ke sauraronsa. Dole wani yana da su a waya. Dole ne.

Laraba, da yamma

Shugabar guruf ta kira ni. Shugaba kawai muke ce mata, mai shagon gyaran gashi ce. Ban taɓa ganin ta ido da ido ba, amma na san muryarta fiye da ta ƙanwata, don ba ta san rubutu ba sai saƙon murya, wanda kafin ya ƙare ka dafa ruwa ya tafasa.

“Anti, ki kwantar da hankalinki,” in ji ta. “Wallahi ba su san su wa suka taɓo ba. Mai Jita namu ne. In shi ba zai iya magana ba, mu muna da baki.”

Mai Jita suke kiran sa.

Kowa ya mai da hoton shafinsa baƙi. Sun yi ta rubuta wa masu manhajar ƙorafi, amsa ɗaya ce ke dawo wa kowa: an karɓa, ana dubawa, an gode da haƙurinmu. Wani ya tambaya ko mutum ne ke amsawa, aka sake turo masa ita.

Na ce mata na gode. Na shiga na ce masa, “Mutanenka fa sun ɗaura ɗamara.” Ya ɗaga min babban yatsa bai ɗago kai ba.

Alhamis, da safe

Ba abin da ya canza. An kawo sabbin tabarau, na jera.

Juma'a, da rana

Masu kwafi sun fara ɗorawa a nasu shafukan. Kafin a gama murna an sauke. Ashe ba mutum ne ke bi yana nema ba, inji ne. Ɓarayin sun ba shi waƙoƙin ya haddace, duk inda ya jiyo muryar mijina sai ya cafke. Wata mai sayar da takalma ta ɗora sau uku, aka rufe shafinta gaba ɗaya, da hotunan kayanta da duk masu sayenta. Ta rubuta a guruf cewa ba komai, don Mai Jita ne. Na tura mata hoton zuciya kamar kowa.

Masu kwafin ma ba su da yawa. Yawanci ba su taɓa saukewa a waya ba, don me, abu yana nan kullum.

Na ɗauki waya zan ce wani ya turo min ko guda, sai mai gwajin ido ya ƙwala min kira in zo in riƙe masa wani yaro da ya ƙi zama a kujera. Gobe na tambaya.

Asabar, da yamma

Wani ɗalibi a guruf ya gano dabara. Akwai wata manhaja da ake zuba waƙa a ciki, ta ƙara mata sauri, ta ɗaga muryar sama, ta juya hoton, hagu ya koma dama. In an yi haka injin ba ya gane ta. Matsewa suke kiran abin.

Shugaba ta ba da umarni: duk mai kwafi ya matse nasa ya ɗora. Kuma kowa ya ɗauki na ɗan'uwansa ya ƙara matsewa ya ɗora a wani wurin, don in an kama ɗaya saura su tsira. “Mu cika musu intanet ɗin,” in ji ta, “mu ga ta inda za su fara.”

Guruf ya kaure da murna. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na wanke ƙyallayen da yake rufe ramin wuyansa da su, na shanya, na zauna ina kallon ruwa yana ɗiga.

Litinin, da yamma

Na ji.

Ina rufe shago, mai sayar da kayan waya na kusa da mu ya kunna sifika. Na san kiɗan tun daga bugun farko, ita ce waƙar da ya yi lokacin da muka tare a ɗakin nan, wadda ta fi kowacce fita. Sai murya ta shigo. Siririya, mai sauri, kamar ta yarinyar da aka aika kuma aka ce kar ta daɗe. Na tsaya da kwaɗo a hannu.

Mai shagon ya hango ni ya ɗaga hannu yana dariya. “Madam, kin ji mun dawo da shi!”

Na leƙa wayarsa. Ga mijina yana kaɗa jita da hagu. Ƙofar ɗakinmu ta koma ɗaya gefen. Tabon da ke girarsa, wanda marfin mita ya yanke shi tun yana aikin wuta, ya tsallaka ɗaya idon.

Na ce, “Sannu da ƙoƙari.” Na rufe kwaɗon.

A gida na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, kafaɗunsa suka fara rawa, iska tana fita ta wuyansa fus-fus, haka yake dariya yanzu. Ya jawo allo ya rubuta: Ashe ina da ƙanwa mawaƙiya?

Na yi dariya don ya ga na yi.

Talata, da safe

Da ita na tashi a kaina. Siririyar.

Laraba, hutun rana

Na rubuta a guruf: Don Allah duk mai waƙa ko guda wadda ba a matse ba ya turo min.

Nan da nan suka fara shigowa, kowa yana cewa tasa ce ta asali. Na sa abin kunne na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan da sauri. Wannan da sauri da amsa-kuwwa. Wannan an ɗora mata ƙarar ruwan sama don a rikita injin. Wannan rabi ce, kuma wani ya sa sunansa a tsakiya yana gaishe da abokansa. Wata ta rantse min da Allah tata ba a taɓa ba, na kunna, ta fi duk sauran tsini.

Ba ƙarya suke yi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Kunnensu ne ya saba.

Shugaba ta ce, “Anti, za a samu, ki ba ni kwana biyu. Akwai Direba, shi komai yana da shi.”

Alhamis

Shiru.

Juma'a, da yamma

Direba ya zo shago da kansa. Babban mutum, furfura a gemu, direban babbar mota ne mai dogon zango. Ya tsaya a bakin kanta yana juya hula a hannu har sai da masu saye suka ragu. Na ɗauka tabarau yake so.

Ya ce, “Ke ce iyalin Mai Jita?”

Na ce ni ce, Baba.

Ya ciro ɗan katin waya daga cikin takarda ya ajiye a kan gilashin kanta. Ya ce tun farkon fitowar waƙoƙin ya sa aka zuba masa su duka a katin nan, da su yake tuƙi, su suke hana shi gyangyaɗi a hanya. Ranar Asabar da Shugaba ta ba da umarni, ya tsaya a gidan mai, ya sauke manhajar, ya zuba su duka a ciki. Manhajar ta tambaye shi wani abu da Turanci, ya danna e. Ashe tambaya take ko ta maye gurbin na asalin.

“Wallahi 'yata, taimako na yi niyya. Ni na fi kowa yawa, na ce to nawa ya fi kowa amfani.”

Ya kai katin wajen masu gyara har biyu, sun ce an rubuta sabo a kan tsohon, ba abin da za a tono.

Na so in ji haushi. Na tsaya ina jiran ya taso, kamar yadda yake taso min a kan ƙaramin abu, a kan wanda ya taɓa gilashi da hannun mai. Bai zo ba. Na lura dai hannun tabaransa ɗaya da zare aka ɗaure shi. Na ce ya kawo, na sa masa sabuwar ƙusa, na goge, na mayar masa.

Ya ce, “Ki ce masa ya yafe min.”

Na ce zan faɗa. Ban faɗa ba.

Lahadi, da hantsi

Ina wanki na gwada tuno yadda yake kiran sunana daga tsakar gida in ya dawo aiki. Na san yana jan ƙarshen. Na san in yana son wani abu sai ya rage murya. Na san kalaman duka, har da wanda ya faɗa min a kan gadon da aka tura shi ɗakin tiyata, cewa kar in bar wa maƙwabta akwatin kayan aikinsa don ba sa mayarwa. Kalaman suna nan. Sautin ne babu. Duk sanda na matsa wa kaina, siririyar nan ce take fitowa ta faɗe su da sauri.

A da in na ji muryarsa ta fara dusashe min sai in shiga bayi in kunna waƙa ɗaya a hankali, don kar ya ji. Shi ke nan ta dawo, ta kai ni mako. Bai san ina yi ba.

Ya ƙwanƙwasa tebur. Na je. Gishiri ne ya ƙare.

Litinin, da safe

Masu manhaja sun amsa. An karɓa, ana dubawa, an gode da haƙurinmu.

Laraba, da yamma

Shugaba ta haɗa ni da wani a guruf, Injiniya suke ce masa, yana aiki a situdiyon da ake haɗa tallace-tallace. Mutum mai magana a hankali. Ya ce zai gwada warware matsewar. Hoton ba matsala, juya shi zai yi ya koma daidai. Saurin ma zai iya, don jita ba ta ƙarya, ya san inda kowace tsirkiya ya kamata ta tsaya.

“Muryar ce aiki, Anti. Kowace kwafi ta bi hannu da yawa, kowa da irin manhajarsa. Wata tana ɗaga murya, wata tana sirantar da ita, wata tana aske ƙasanta don fayil ya yi sauƙi. Abin da aka aske ba ya dawowa, sai dai in ƙera wani in liƙa. Kuma ni ban taɓa zama da shi ba. A waya na san shi, wayar ma mai fasasshiyar sifika.”

Na ce to ya za a yi.

Ya ce zai yi kala-kala ya turo, ni in zaɓa. “Ai ba wanda ya kai ki sani.”

Na ce haka ne.

Juma'a, hutun rana

Sun iso. Waƙa ɗaya, murya kala biyar, ya sa musu lamba.

Ta ɗaya ta yi kauri, kamar mai karanta labarai. Ta biyar ta yi kusa da siririyar. Na tsakiya kuwa, in na ji ta biyu sai in ce shi ne, in na ji ta huɗu sai in ce a'a wannan ne, in na koma ta biyu sai ta zama baƙo. Na saurara har kunnena ya yi zafi. Abincina yana gabana ban buɗe ba.

Juma'a, da yamma

Na sa wa mijina abin kunne, na zauna a gabansa ina kallon fuskarsa. Ya rufe ido. Yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, suna bin jitar. Ya ji duka biyar, ya sake jin su. Na ce a raina yanzu zai ɗaga yatsu ya nuna min lamba, in huta.

Ya cire abin kunnen ya rubuta: Ni daga ciki nake jin ta. Ban taɓa sanin yadda take a waje ba, ko a da in na ji kaina a bidiyo sai in ji kamar wani ne.

Ya goge da gefen hannu ya sake rubutawa: Ke kika ji ta. Ki zaɓa.

Ya kalle ni yana murmushi, hankalinsa kwance, irin kallon wanda ya ba da ajiya a wurin da ya amince. Na ce bari in duba tukunya.

Asabar, da rana

A wurin aiki kullum ina ganin wannan. Mai gwajin ido ya ɗora wa mutum gilashi ya ce, “Wannan ya fi ko wancan?” Ya canza. “Wannan ko wancan?” Da farko mutum yana amsawa da gaske. In aka jima idonsa ya gaji, sai ka ga ya faɗi ɗaya kawai don a sake shi ya tafi. Ina gane su daga yadda suke amsawa. Bayan sati biyu su dawo suna cewa tabarau yana sa musu ciwon kai, ni ce mai shan faɗan.

Shugaba ta turo saƙo tun safe, ta sake turowa. Mutane suna jira, Anti.

Na rubuta: Ta uku.

Don tana tsakiya.

Lahadi, da yamma

Guruf ya rikice. Shi ne! Wallahi shi ne sak! Wata ta ce tana ji ta fashe da kuka a cikin mota. Wani ya ce ko a mafarki aka tashe shi zai gane muryar nan. Direba ya turo saƙon murya, bai ce komai ba sai godiya ga Allah, injin mota yana ƙara a bayansa. Injiniya ya ce zai mayar da sauran waƙoƙin duka a kan ma'aunin ta uku.

Sun ɗora ta ko'ina ba tare da matsewa ba. Ba a sauke ba. Shugaba ta ce ɓarayin sun ji wuta sun gudu. “Na gaya miki, Anti! Na gaya miki muna da baki!”

Kowa ya cire baƙin hoto.

Mijina ma ya kunna ta yana gyaran dutsen guga, yana gyaɗa kai. Ya nuna wayar, ya nuna ƙirjinsa, ya ɗaga min gira. Na gyaɗa masa kai.

Litinin

Aiki. Gida. Na yi shara.

Laraba, da yamma

Inna ta zo, mahaifiyarsa. Ba ta sanar ba, haka take, sai dai ka ji sallama da ƙarar jaka. Ta duba wuyansa, ta ce ya rame, ta ce ni ma na rame, ta ce ɗakin yana warin waya da ta ƙone. Ba ta san komai game da abin da ake ciki ba, wayarta ta kira ce kawai, kuma ba mu gaya mata ba.

Mijina ya fita kai wa mai shi dutsen guga. Inna tana zaune tana ninke mana kayan da na kwaso daga igiya, ba wanda ya sa ta. Na kunna ta uku, na kife wayar a kan tebur, na shiga jera kofuna kamar ba da gangan ba.

Ta ninke riga ɗaya, ta ninke ta biyu. Sai ta ce, “Wa ya ɗauki waƙar ɗana yake yi?”

Na ce wani ne, Inna.

“Yana ƙoƙari, Allah Ya yi masa albarka. Amma da sauransa.”

Na ce akwai wasu ma da suka gwada, bari ki ji. Na kunna mata ta ɗaya, ta biyu, ta huɗu, ta biyar. Ba ta daina ninki ba. Ko wacce ba ta bari ta yi nisa, sai ta girgiza kai. Da ta biyar ta zo har tsaki ta yi.

“Yaran yanzu. Kowa sai ya ce shi mawaƙi ne. Ki sa min tasa mana in ji, na kwana biyu ban ji ba.”

Na ce caji ya kusa ƙarewa.

Can na ce, “Inna, ke yaya za ki kwatanta tasa?”

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta buɗe baki, ta ɗora hannu a ƙirji tana ɗan murzawa, tana neman kalma. Sai ta yi dariya ta ce, “Ke ma da neman magana. Ai kin fi ni sani, ke da kike kwana kina tashi da ita.”

Na ce haka ne, Inna.

Alhamis, hutun rana

Na kira Injiniya na tambaye shi ko da gaske ɓarayin sun janye. Ya ce jiya wani ya ɗora kiɗan jitar wata waƙar mijina da ɗan guntun amshi na ainihin muryarsa da ya samo, daƙiƙa kaɗan, duk hayaniyar kasuwa a kai, an sauke nan take, har an goge masa shafi, kuma a cikin manhajar ya naɗe shi kai tsaye, ba shi da kwafi a waya. Injin yana nan, yana aiki.

Na ce to me ya sa bai taɓa ta uku ba.

Ya ce, “Anti.” Bai ƙara ba.

Na ce na gane: injin bai ji muryar mijina a cikin ta uku ba. Na ce kar ya gaya wa guruf, ya bar su.

Ke nan duk duniya wanda ya riƙe muryar mijina daidai, bai ƙara ba bai rage ba, injin ɓarayin ne. Shi ba ya mantuwa, kunnensa ba ya sabawa.

Alhamis, da yamma

Na buɗe sabon shafi da sunan da ba nawa ba. Na ɗora sauran huɗun, ta ɗaya, ta biyu, ta huɗu, ta biyar. Na rubuta sunansa da sunan waƙar ɓaro-ɓaro a kan kowacce don kar injin ya sha wahalar nema. Duk wadda ya cafke, ita ce. Ko ba ita ba ce sak, ta yi kusa har ya ɗauka ita ce, ni kuma hakan ya ishe ni. Ina da kwafinsu a waya, ya sauke ya ga in na damu.

Sati uku mutane suna zagin injin nan. Ni ga ni zaune a bakin gado ina roƙon Allah Ya sa ya zo.

Mijina ya shigo ya tarar da ni ina ta jan allon waya ƙasa. Ya leƙa. Ya ga lambobin, ya ga babu ta uku. Ya dube ni. Ya jima a tsaye, sannan ya zauna kusa da ni.

Juma'a, da safe

Suna nan.

Juma'a, da yamma

Suna nan. Wani ya danna wa ta biyu alamar so.

Asabar, da rana

Inna ta koma. Na raka ta tasha, ta ce in riƙa ba shi abinci, in kuma turo wa jikarta waƙoƙin ta sa mata a waya. Na ce to.

Na duba a cikin mota. Na duba a bakin ƙofa.

Lahadi, da yamma

Ina yanka albasa ya ƙwanƙwasa tebur. Na goge hannu na je. Fanka ce a gabansa a kwance, bai taɓa ta ba tun rana, ƙusoshin suna jere yadda ya bar su. Ya riga ya yi rubutun, ya juyo min da allon.

Sun sauke?

Na ciro waya na duba a gabansa, na sake ja ƙasa don ya gani da idonsa.

Na ce, “A'a. Duk suna nan.”

Ya gyaɗa kai. Ya goge allon da gefen hannu, a hankali, har kusurwoyin. Ya ɗauki sukundireba.

Na koma kan albasa.